Ranar da Kawu Ya Ba Daɓe Ruwa

Aikin nan wahala ce, ba wani abu ba. Duk wanda ya ce maka yana marmarin jan durom cike da kankare a tsakiyar bazara, ko dai ƙarya yake yi, ko bai taɓa ja ba. Ni na ja. Kafaɗata ta dama har yau ba ta ɗaga tulu, kuma in hadari zai taso ita ke fara gaya mini kafin iska. Ba ni da ilimin da zan ƙawata magana, firamare ma ban gama ba. Ina rubuta wannan ne don na duba hagu na duba dama a garin nan, ban ga mutum ɗaya da zan zauna in yi hirar da shi ba.

Lokacin ba a daɗe da yanke mu daga Sakkwato ba, motocin gwamnati ma ba a gama sauya musu lamba ba. Ina saurayi, ina lebura a wata makarantar kwana ta maza a bayan Yelwa, inda fili ke gangarawa a hankali har ya taɓa ruwa. Sauran leburori suna yankan ciyawa, wasu suna faskare a kicin. Ni kuwa aka damƙa ni ga wani tsohon malamin lissafi, baƙo, wanda duk gari ke kira Ba'indiye. Kullum sai ya gyara wa mutane, ya ce shi ba daga Indiya yake ba, daga wani tsibiri ne da ake kira Silon. Da muka gaji da gyaran sai muka koma ce masa Malam Silon, shi ma ya haƙura da hakan. 'Yan uwansa malamai duk sun tattara sun koma gida tun da rayuwa ta fara tsada, shi kaɗai ya rage. Matarsa a nan ta rasu. Yana zaune a gidan malamai na ƙarshe, shi da rediyonsa da tukunyar shayi, kuma Hausarsa ta kasuwar kifi ce, don a can ya koya.

Abin da ya riƙe shi a duniya wasa ne da ake kira kurket. Ga wanda bai sani ba: ana kafa turaku uku, mutum ɗaya ya tsaya gabansu da katako, wani ya taho da gudu ya jefo ƙwallo ja mai tauri kamar goruba. Ƙwallon sai ta fara dira a ƙasa kafin ta iso. In ta buge turakun, mai katako ya fita, wani ya shigo. In ya buge ta ta yi nisa, ya yi gudu ya tara maki. Sai an fitar da mutanen gefe ɗaya kaf sannan ɗaya gefen ya karɓi katako, kuma kowane gefe sau biyu yake shiga. Shi ya sa wasan namu kwana uku yake ci. Kowa da fararen kaya. In azahar ta yi a tsaya, masu salla su yi salla, sannan abokan gaba su zauna a inuwar mangwaro su ci shinkafa da kifi a faranti ɗaya, su koma su ci gaba da neman juna. In kwanakin suka ƙare ba a gama fitar da kowa ba, sai a ce canjaras, a yi musabaha, a watse.

Inna ba ta taɓa gane wannan ba. In na dawo da yamma ƙafafuna sun yi fari fat, sai ta ce, "To, wa ya ci?"

In ce, "Ba kowa, Inna."

"Kwana uku ƙattai suna jifar itace, ba wanda ya ci? Allah shi kyauta. Wanke hannu ka zo ga tuwo."

Nawa aikin a tsakiyar fili yake, a kan wani tsirin ƙasa inda ƙwallo ke dira. Mu daɓe muke ce masa, don da daɓen ɗaki ya yi kama. Da ƙasar suri ake yinsa. Sai mu bi hanyar Shanga da jaki mu nemo tsohon suri wanda gara ta bari, mu farfasa, in daka, in tankaɗe da rariya kamar mai shirin tuwo, in shimfiɗa, in yayyafa ruwa, in ja durom a kai ya danne ta. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Ruwan daga bakin tafki nake ɗaukowa, bokiti biyu a sanda. Har yanzu in na rufe ido ina jin safiyar nan: kukan ƙarfen durom, ƙwanƙwasar filafili a jikin jirgi daga can cikin ruwa, kiran matan da suka zo tarar masunta, sannan daga baya, in yara sun fito, wannan ƙwas ɗin da katako ke yi in ya haɗu da ƙwallo daidai. Ba ƙara ce mai yawa ba. Amma a filin da kowa ya yi shiru, har bakin ruwa ake jin ta.

Doka ɗaya Malam Silon ya kafa mini tun ranar farko. Kafin wasa, ba da ruwa, ja durom, har sai daɓe ya yi santsi kamar goshin jariri. Amma da zarar an jefa ƙwallon farko, ko ɗigo ba a yarda ba sai an tashi. Na ce masa ai zai tsage. Ya ce abin da ake so ke nan. "Rana ta farko daɓe yaro ne, kowa shina wasa da shi. Rana ta biyu magidanci. Rana ta uku ya tsufa, ya tsattsage, ba ya jin kunyar kowa. Ran nan ake sanin wanda ya iya." Na daɗe ban gane ba, sai da na gani da idona. In ƙwallo ta dira a bakin tsaga, sai ta bar hanyarta ta karkata inda ba a zata ba, mai katako ya yi ta dukan iska.

Mutanen gari ba su cika zuwa kallo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda ke zuwa tsofaffin masunta ne, irin masu kafa mamari, su jera ƙugiyoyi a ruwa su koma su jira. Su kan zauna a gindin giginya suna ɗinkin koma, ba su san doka ko ɗaya ba, amma sun san mutumin da ke jira da gangan in sun gan shi. In yaro ya tsaya tun hantsi yana tare ƙwallo kawai ba ya bugu, ɗalibai su yi ta tsaki, wani tsoho a cikinsu sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wanga yaro shina da ciki." Yanzu irin waɗannan tsofaffi sun ƙare. Na yau taru suke ja mai ƙananan idanu, su kwashe uwa da ɗiya a ja ɗaya, kafin hantsi suna kasuwa. Ba zaginsu nake ba, kowa da bakin da yake ciyarwa.

Kwanakin baya ɗana, wanda ke kabu-kabu, ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, ga wasanku." Na duba. Fitilu kamar rana, kaya ja da kore da ruwan ɗorawa, kiɗa, wuta na tashi sama, kowace ƙwallo sai a ɗaga ta a aika cikin jama'a. Kafin in gama gane wa ke jifa, an ce an tashi. Na tambaye shi ko har yanzu ana yin mai tsawon. Ya latsa ya latsa, ya ce ana yi a wasu ƙasashe, amma ga shi nan, kujeru ne suka fi mutane yawa. Ya ce, "Baba, wa ke da kwana uku yanzu? Ni in na ajiye mashin wuni ɗaya, mi za mu ci?" Gaskiya ya faɗa. Ya karɓi wayarsa ya fita. Ni kuwa na zauna ina tunanin cewa mu a nan mun riga duniya ganin wannan, kuma a gabana aka yi.

A shekarar da abin ya faru ne aka kawo sabon malamin wasanni, Malam Habibu, matashi mai fara'a, wanda ya yi karatu a Kaduna. Ba mugu ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Shi ya fara cewa a birane yanzu ana yin kurket na wuni ɗaya, kowane gefe a ƙidaya masa jifa, in ta ƙare ta ƙare, dole a sami wanda ya ci. Shugaban makaranta ya ji daɗin maganar, don kowace shekara in 'yan wata makaranta ta Sakkwato suka zo karawa da mu, sai a rufe azuzuwa, a ciyar da baƙi, kuma karo biyu a jere canjaras ake tashi. Ina tsaye da bokiti a bakin ofis na ji ya ce wa Malam Silon, "Malam, ina girmama ka. Amma yanzu jiha daban, aljihu daban. Bana in aka sake tashi ba wanda ya ci, an gama da na kwana uku. Mu koma irin na Habibu."

Malam Silon ya ce ya yarda. Da ya fito ya ce mini, "Bana za a ci. Ina da Dogo."

Dogo ɗalibi ne ɗan aji na ƙarshe, Bakambare daga ƙauyukan Ngaski, bahago, mai yatsu kamar na maƙeri don noma ya tashi yana yi. Ba ya jifa da ƙarfi. Murza ƙwallo yake yi da yatsu ta tafi tana juyi. A sabon daɓe ba ya tsorata kowa. Shekara da shekaru Malam Silon yana rainonsa don tsohon daɓe.

Sakkwatawa suka iso a bayan babbar mota. Aka yi rana ta farko, aka yi ta biyu, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Da aka tashi a rana ta biyu lissafi ya tsaya sarai: mu mun gama namu bugun, mun tara abin da ba za su iya kamowa ba, saura mu fitar da su kaf kafin faɗuwar rana gobe. In mun fitar da su mun ci. In suka jure, canjaras. Bayan kowa ya watse muka je kan daɓe ni da Malam Silon. Ya tsage ko'ina, kamar bakin tafki in ruwa ya janye. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya sa ɗan yatsansa a wata tsaga, ya shige har gaɓa. Sai ya yi dariya. Ban taɓa jin dariyarsa da sauti ba sai ran nan. Ya ce, "Tafi ka huta. Gobe ba ka da aiki sai shara."

Ban kai gida ba jikina ya fara rawa. Zazzaɓi ne irin wanda ke kayar da mutum lokaci ɗaya. Na tarar da Kawu a gidanmu, yayan Inna, Bagunge ne daga cikin tsibirai, ya kawo albasa kasuwa zai kwana biyu. Kawu tun yana yaro albasa yake nomawa a bakin ruwa, da ƙwarya yake ban ruwa, fangali bayan fangali, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ya ga ƙasa da ƙishi. Ya sha ganina ina jigilar bokiti zuwa makaranta. Na gaishe shi sama-sama na faɗi a tabarma, ban ƙara sanin inda nake ba.

Abin da ya faru da asuba daga baya Inna ta gaya mini. Ta taɓa ni ta ji kamar garwashi, ta tsorata kada a ce ban je aiki ba ranar da baƙi ke nan, a kore ni. Kawu ya ce, "Aikin nasa mi ne? Ba wagga 'yar ƙasa ba ce da yake ba ruwa? Bar shi shi kwana." Ya ɗauki ƙwaryarsa da fartanya ya fita.

Rana ta ɗaga lokacin da na farka. Da Inna ta gaya mini inda Kawu ya tafi, ban tsaya neman takalmi ba. Ina tafe ina dafa bango. Tun daga ƙofar makaranta na hango fararen kaya sun yi da'ira a tsakiyar fili, ba mai motsi. Na kutsa. Daɓen yana ƙyalli kamar madubi. Kawu bai yi aikin wasa ba. Sai da ya ja kunya ta kewaye tsirin tsaf don kada ruwa ya gudu, ya raba shi fangali-fangali, sannan ya cika kowanne har baki. Tun duhu yake jigila shi kaɗai, tsoho da shi. Yana tsaye a gefe, wando a naɗe, laka har gwiwa, yana haki yana murmushi.

Da ya gan ni ya ce, "Kai, ɗan nan, ashe haka kake aiki? Ƙasa ta tsage har tana kuka! Da ban zo ba da kunyar duniya ta ishe ka gaban baƙi."

Wani cikin Sakkwatawa ya fashe da dariya ya ce, "Baba, saura iri! A kawo albasa mu dasa!" Wasu suka bi shi. Dogo bai yi dariya ba. Yana riƙe da ƙwallo yana juya ta a hannu, yana kallon ruwan.

Sai ga Malam Silon ya iso da hularsa mai faɗi. Da'irar ta buɗe masa. Ya tsaya ya dubi daɓen tun daga wannan kai har wancan. Na jira ya yi faɗa, na ma fi son ya yi. Ya dubi Kawu, ya dubi ƙwaryar, ya dubi ƙafafun tsohon. Sai ya cire hula ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Ruwan da nisa."

Kawu ya ce, "A'a, ba komai, Malam. Ɗana ne."

Mun yi abin da za mu iya. Na fasa kunyar, muka kwashe ruwa da gwangwani, muka shimfiɗa buhuna, aka kawo toka daga kicin. Ƙasar suri in ta sha ruwa ba ta sakinsa da wuri. Ka taka, ƙafarka ta fito da tabo. Alƙalin wasa ya ce ko da rana ta yi iyakar ƙoƙarinta, ba za a iya jifa a nan ba sai wajen magariba.

Ɗaruruwan yara suna zaune a rana, baƙi sun zo daga nesa. Malam Habibu ya je ya yi magana da malamin Sakkwatawa, sannan ya zo wurin Malam Silon da ladabi ya ce, "Malam, kada yinin ya lalace. Bari mu shimfiɗa tabarma a filin ƙwallon ƙafa mu yi gajeren, don yara." Tsohon ya ɗaga hannu alamar su je su yi.

Ba zan ɓoye ba, abin da na gani ran nan ban taɓa gani a filin ba. Da yake jifa ƙidayayya ce, ba wanda ya tsaya tarewa. Kowa ɗaga katako yake da iya ƙarfinsa. Wani yaro ya aika ƙwallo har cikin tafki, 'yan kallo suka faɗa ruwa da kayansu suna rige-rigen ɗaukowa. Masu kicin suka fito da faranti suna kiɗa. Ihu ya kai kasuwa, mutane suka fara shigowa, masu rake, masu ƙosai, 'yan mata da tallan gyaɗa. Aka ba Dogo jifa. A kan tabarma ƙwallonsa ba ta karkata ko kaɗan, tana zuwa a hankali kamar an miƙo kyauta, suka yi ta aika ta bayan katanga har aka karɓe daga hannunsa. Duk da haka mu muka ci, da ƙyar, a jifar ƙarshe. Aka ɗaga yaron da ya buga a kafaɗa aka zagaya da shi. Kafin la'asar ta yi sanyi an gama komai.

Mu biyu ne ba mu je can ba, ni daga nesa na hango duk wannan. Malam Silon ya sa na kawo masa kujera bakin daɓe, ni na zauna a kan durom ina rawar ɗari a cikin wannan zafi. Shi idonsa na kan daɓen. In aka yi ihu a can, ba ya waiwayawa. Tsofaffin gindin giginya ma sun naɗe komarsu sun tafi tun da kiɗa ya fara.

Da yamma shugaban makaranta ya zo da kansa, fuskarsa cike da murna, Malam Habibu na bayansa. Ya ce, "Malam, ka gani da idonka. Na kwana uku canjaras, kamar yadda muka yi magana. Wannan kuwa dubi jama'a." Sannan ya juyo gare ni. "Habibu ya ce siminti za a zuba a nan, a riƙa shimfiɗa tabarma a kai. Ba ban ruwa, ba jan durom, kai ma ka huta. Gobe ka fara haƙe wannan ƙasar."

Na dubi Malam Silon. Ya ce, "Ka yi abin da anka ce. Kana da Inna." Ya ɗauki kujerarsa da kansa, bai bari na karɓa ba.

A gida na tarar da Kawu yana ba Inna labari. "Ba ki ga jama'a ba! Har da kiɗa. Jiya da shekaranjiya an yi kiɗa? To, kin ga amfanin ruwa." Ban gaya masa ba, ran nan ko bayan nan. Har ya koma ga Allah yana ganin ya fitar da ni kunya. Malam Silon kuwa ƙarshen shekarar ya tafi, aka ce wani ɗan ƙanensa ya aiko masa da tikiti. Dogo na ji an ce ya koma gona. Simintin yana nan har yau, mata na shanya shinkafa a kai.

Washegari da safe zazzaɓin ya sake ni. Na karɓi diga a sito na tafi filin. Ba kowa, sai ɓawon rake da takardun ƙosai ko'ina. Daɓen ya bushe ƙarau cikin dare, ya koma kamar dutse. Na ɗaga diga na sara, ta yi tsalle ta dawo, ko alama ba ta bari ba. Na sake, haka. Sai ya sha ruwa zai haƙu. Sai na ajiye ta, na ɗauki bokitina biyu da sanda, na gangara bakin ruwa.